Abin da ke Tokare da Teburin Abu Sattar

A gyara tsayuwa, a kashe taba, masu shayi su daina kaɗa cokali. Ga Mai Girma Mizhir ɗan Shalash, wanda duk garinmu ke kira Abu Sattar: ministan lema mai huji bakwai, gwamnan tebur ɗaya da kujera biyu, babban kwamandan tafiretar da ta girmi uwata, mutumin da ya haura shekara arba'in a bakin kotu, bai taɓa satar ko allura ba, bai kuma taɓa cin shari'a ko ɗaya ba. Kawuna ne, wan mahaifiyata Sabriya, saboda haka ina da lasisin faɗin abin da na ga dama.

Ni dai keke mai ƙafa uku nake tuƙawa tsakanin kasuwa da gadar kogin Furat. Makaranta na bar ta a aji biyu na sakandare bayan mun yi shawara da hedimasta, shi ya ce in tafi, ni na ce to. Wanda duk ya ga kuskure a rubutun nan ya kai ƙara kotu, zai tarar da Kawu a bakin ƙofa ya rubuta masa. In ya zauna a kujera ta biyu, ya ɗan leƙa ƙasa. Ƙafar teburin ta hagu gajeriya ce, an tokare ta da wasu takardu da aka ninka huɗu. Labarin takardun nan zan ba ku.

Sana'ar Abu Sattar rubuta wa mutane koke. Tsohuwar da aka hana fanshon mijinta, manomin da maƙwabci ya karkatar masa da ruwan gona, matar da ke neman takardar haihuwar ɗanta, duk sai sun bi ta ƙarƙashin lemarsa kafin su ga fuskar akawu. Mutum zai zauna ya yi ta zuba har rabin awa, da kuka da rantsuwa da tarihin kakanni. Abu Sattar yana saurare yana jan carbi. In an gama sai ya sa takarda biyu da kabon a tsakani, ya mayar da rabin awar nan layi tara. Tsohon da ya koya masa aikin abu ɗaya ya fara cusa masa: kowace takarda, ko ta neman izinin haƙa masai ce, kanta kalma biyu ne, “Roƙon Jinƙai”. Ƙarƙashi kuma, “bawanku mai rauni ya durƙusa a ƙofar adalcinku”. A zamanin mai gashin bakin nan da hotonsa ke kan kowane bango, mutum ba ya da haƙƙi, sai dai a ji ƙansa. Haruffan kalmomin nan biyu sun sha bugu har fentinsu ya goge a jikin tafireta. Abu Sattar yana iya buga su yana cinikin kifi da mai tallar tsallaken titi.

Yana da ƙane, Nahi, autan kakata Nashmiya, mai gyaran rediyo. A watan Maris na 1991, da sojoji suka dawo daga Kuwait a warwatse, garuruwan kudu suka yi bore, namu ma ya taya. Nahi bai ɗauki bindiga ba. Laifinsa duka, ya haɗa wa masu boren lasifika a masallacin unguwa, don shi kaɗai ya san wace waya ke shiga ina. Bayan mako biyu gwamnati ta dawo da tankoki. Da hantsi suka shigo unguwar, a gabansu Ustaz Faraj Ulaiwi, malamin Larabcin makarantar unguwa, wanda in ya sa kakin jam'iyya mai launin zaitun sai ya koma Rafiƙ Faraj, wato Kwamared Faraj. Bai buɗe baki ba ranar. Da haɓa yake nuni: ƙofar nan, ƙofar can. Aka fito da Nahi da sukudireba a aljihu, silifa a ƙafa ɗaya. Aka tara su a filin makaranta kwana biyu, sannan manyan motoci suka kwashe su. Faraj ne ke tsaye a bakin get da jerin sunaye, yana yi wa kowace mota alama in za ta fita. Mutum biyu sun ga haka da idonsu, mai gidan burodi da maigadin makarantar.

Shekara goma sha biyu Abu Sattar ya rubuta wa dubban mutane koke, bai rubuta nasa ba. A lokacin wanda ya matsa da tambayar ɗan'uwansa, sai a kai shi ya gan shi. Faraj kan wuce ta gaban lema da safe ya yi sallama, Abu Sattar ya miƙe tsaye ya amsa. Kakata ta ajiye ɗayan silifan a akwatin kayanta. Kowace Alhamis in ya je gaishe ta sai ta tambaye shi ko ya rubuta, shi kuma ya ce lokaci bai yi ba.

Lokacin ya yi a watan Afrilu na 2003. Amurkawa suka wuce ta babban titi, hotuna suka sauko daga bango, 'yan jam'iyya suka ƙone kakinsu a bayan gida. Wata rana bayan la'asar mai shayi ya sheƙo ya gaya wa Abu Sattar cewa samarin dangi sun nufi gidan Faraj da bindigogi, kuma ɗansa Sattar ne a gaba. Kawu, wanda ko ruwan sama bai taɓa sa shi sauri ba, ya bar tafireta a titi ya yanka ta lungun masu ƙira. Ya riga su isa. Suka tarar da shi a ƙofar gidan, hannu ɗaya a kowane gefe.

“Baba, kauce,” in ji Sattar.

“Ba zan kauce ba.”

“Wannan ne fa ya nuna Baffa Nahi da haɓa.”

“Ni za ka gaya wa? A gabana aka yi, kai kana can kana ƙwallo da gwangwani. To ku kashe shi. In kun kashe shi, wa zai gaya wa Inna inda motar ta nufa? Ko bindigar taka ta iya tambaya?”

Ya ci gaba da yi musu bayani da muryar da ba su san yana da ita ba. Ya ce zamanin shiga gida a fito da mutum da silifa ɗaya ya wuce, kada su zama su ne na farko da za su dawo da shi. Ya ce doka na tafe, da alƙalin da ba ya tsoron ƙarar tarho. Za a tsayar da Faraj a gaban jama'a, a tambaye shi, ya amsa, a rubuta, a buga hatimi. Shi da ya kwashe rayuwarsa a bakin kotu ya san abin da kotu za ta iya in an bar ta ta yi numfashi. Bai yi shiru ba sai da aka kira magariba, samarin suka janye ɗaya bayan ɗaya, suna tofar da yawu. Sannan Faraj ya fito daga tandar burodin matarsa, inda ya ɓuya, toka har gira, ya kama hannun Abu Sattar yana sumbata yana kuka. Kwana uku bayan haka ya ɓace. Wasu suka ce Siriya, wasu suka ce Bagadaza. Sattar ya shekara bai yi wa ubansa magana ba sai gaisuwa.

A bazarar nan aka fara tono manyan kaburbura a hamada. Abu Sattar ya je wurare huɗu. Ya bi layin ledoji, kowace da ƙasusuwan mutum guda da abin da aka samu a aljihunsa, yana neman sukudireba da silifa ɗaya. Bai samu ba. Ya dawo ya ce wa kakata ba komai, kaburburan ba su ƙare ba, kuma mai sanin wurin yana raye, shi ya bar shi a raye.

Ranar zaɓen farko, a Janairun 2005, an hana motoci yawo, sai ya ɗora kakata a baro ya tura ta har rumfa. Ya tsoma yatsa a tawadar nan shunayya har gaɓa ta biyu, sai da jami'in ya ce ya isa, a bar wa na baya. Mako guda bai yarda sabulu ya taɓa yatsan ba. A makon ne ya fara cin shinkafa da miyar kuɓewa da cokali, kamar likita. Washegarin zaɓen ya kafa lema tun kafin mai shara ya zo, ya sa takarda biyu da kabon, ya buga koken kansa na farko a duniya: shi, Mizhir ɗan Shalash, ɗan ƙasa, yana neman kotu ta kira Faraj Ulaiwi ta tambaye shi inda aka kai Nahi. A kan takardar bai buga kalmomin nan biyu ba. Ya buga “Neman Haƙƙi”. Ya kira mai shayi shaida, ya ɗora hannu a Alƙur'ani, ya rantse cewa tafiretar nan ba za ta sake buga “Roƙon Jinƙai” ba, ko nasa ko na wani.

Nan ciniki ya fara tsinkewa. Akawun ƙofa, wanda shi ma ya sauke hoton bango amma bai sauke komai a kansa ba, sai ya riƙa dawo da takardun. Ya ce wannan kan takarda ba ya cikin tsari, haƙƙin wa aka ci da za a zo ana yi wa hukuma tsawa da safe. Abu Sattar ya sayi kundin tsarin mulki da aka fitar daga baya, ya ja layi a ƙarƙashin ayoyi, yana karanta wa duk wanda ya zauna. Wata tsohuwa, Ummu Jasim, ta saurare shi har ƙarshe, ta gyara abayarta.

“Abu Sattar, Allah ya ƙara ilimi. Ni ba haƙƙi na zo nema ba, fanshona nake so. Rubuta mini irin ta da, mai kuka.”

Ya ce ya rantse. Ta ce ita ba ta rantse ba. Ta tashi ta koma lemar Lafta, abokin gasarsa, mutumin da bai bambance harafin sin da sadi ba, amma in ya rubuta roƙo har kan sarkin da ke jikin takardar sai ya ji tausayi. Cikin shekara guda layi ya koma gaban Lafta. Abu Sattar ya zauna da tsarin mulkinsa yana kore ƙuda da shi.

Nasa koken an karɓa, don ya tsaya a gaban akawu kwana uku a jere har mutumin ya gaji da ganinsa. Aka ba shi lamba. Daga nan fayil ɗin ya fara yawon da ko ni da kekena ban yi ba. A dawo bayan Sallah. A dawo bayan Muharram. An sauya wa alƙali wurin aiki. An tura fayil babban birnin lardi. Ya dawo ba shafi na uku. Kan sarkin da ke jiki na bara ne, a sa na bana. Rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, kuma ruwan, da yake ya yi makaranta, fayil ɗin Kawu kaɗai ya zaɓa. Sau goma sha ɗaya ya sake buga koken nan daga farko, kowane da kabon ɗinsa, kowane da “Neman Haƙƙi” a kai. Ana cikin haka mai gidan burodi ya rasu yana jiran a kira shi ba da shaida. Maigadin makaranta kuwa, da aka ɗauki ɗansa aikin ɗan sanda, sai ya tuna ashe a 1991 yana fama da ciwon ido, ko hannunsa ba ya gani sosai.

Wanda ya sama wa yaron aikin bai ɓoyu ba. A shekara ta huɗu Faraj ya dawo. An rage gashin baki, an ƙara gemu, zoben dutsen aƙiƙ biyu a hannun dama, tabon sujada a goshi wanda ya fito da sauri kamar naman kaza bayan ruwa. Ustaz ya wuce, Rafiƙ ya wuce, yanzu Hajji Faraj ne. Ya shiga ɗaya daga cikin jam'iyyun da suka dawo daga gudun hijira, su suna da suna ba su san lungunan gari ba, shi ya san kowace ƙofa. Aka fara jin labari a shagunan shayi cewa ashe shi ma a ɓoye yake wahala a wancan zamanin, ashe goge sunaye yake yi daga jeri, mutum nawa ya ceta ba a sani ba. Da zaɓe ya zo aka liƙa hotonsa a bangon kotu, daidai saman lemar Abu Sattar, yana murmushi ya ɗaga yatsa shunayya. Ya ci kujera a majalisar gari. Da aka zo rabon kwamitoci, sai aka duba wa ya fi sanin waɗanda suka ɓace a 1991, aka ba shi shugabancin kwamitin iyalansu. In don sani ne, ba a yi zaɓen banza ba.

Abu Sattar ya ɗan jawo teburin gaba yadda hoton zai koma bayansa, ya sake buga koken.

A shekara ta takwas aka kawo wani matashin alƙali, ya aika a kira shi. Kawu ya sa kwat ɗin aurensa. Ba ɗakin shari'a aka kai shi ba, ofis ne. Alƙalin ya rufe ƙofa, ya sa aka kawo shayi, ya ce ya karanta fayil ɗin sau biyu, kuma tun da ya fara aiki bai ga koke mai tsabta kamarsa ba. Sannan ya juyo da wani hoto da ke kan teburinsa, 'yan mata uku ƙanana da kayan makaranta, ya ce da ƙafa suke zuwa, da ƙafa suke dawowa. Ya ce shaida ɗaya ya mutu, ɗaya ya makance, shi ba zai rufe fayil ɗin ba, ba kuma zai buɗe shi ba. Shawarar da zai ba shi a matsayin ɗa, ya rubuta wa kwamitin Hajji. In dai wurin ake nema, mai sanin wurin yana can. Sai dai takarda ba ta isa kwamiti sai ta hannun akawun ƙofa, kuma Abu Sattar ya fi kowa sanin kan takardar da akawu ke karɓa.

A lokacin kakata ta daina tashi daga shimfiɗa. Ranar Alhamis ya je ya zauna a gefenta ya gaya mata yadda suka yi. Ta juyo ta dube shi.

“Mizhir, ni ban san alƙali ba. Ƙashin ɗana nake so, ko na yatsa ne, a sa kusa da ni a maƙabartar Najaf. Ka hana Sattar ya tambayi mutumin nan, ka ce doka za ta tambaya. Shekara goma ina jiran dokar nan ta zo ta gaishe ni. Ni ba ni da wata goman.”

Ya yi azumi uku a jere. A duk garinmu shi kaɗai na sani da ya biya kaffara tun kafin ya karya rantsuwa. Rana ta huɗu ya sa takarda biyu da kabon. Ya zaci hannunsa zai yi nauyi, ya zaci sai ya nemi haruffan ɗaya bayan ɗaya. Yatsun suka tafi da kansu, tas tas tas, kafin ya ƙifta ido “Roƙon Jinƙai” na zaune a kan takarda, bawa mai rauni ya riga ya durƙusa a ƙarƙashi. Shekara takwas ba su manta komai ba. Uwata ta ce wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Akawu ya karɓa da murmushi, ya ce barka da dawowa. Bayan kwana biyu aka kira shi.

Ofishin Hajji Faraj akwai sanyi kamar cikin firij. Ya taso daga kujera, ya rungume Abu Sattar, ya sumbaci kumatunsa sau uku, ya gaya wa mutanen da ke zaune cewa wannan bawan Allah ya taɓa tare masa mutuwa da ƙirjinsa, a kawo masa ruwan sanyi. Ya ɗauki takardar ya zaro jan biro, halin malanta, ya bi ta layi layi bai sami abin gyara ba, ya ce Larabcin Abu Sattar bai tsufa ba. Sannan ya sallami mutanen, ya yi ƙasa da murya. Ya ce Allah ya sani maganar Nahi na hana shi barci. Amma yaya zai buɗe baki alhali akwai ƙara rataye a wuyansa? Duk abin da ya faɗa, gobe ya zama hujja a kansa, maƙiya kuma sun yi yawa. A janye ƙarar tukuna.

“Daga nan, tsakanina da kai da Allah, duk abin da na sani zan gaya maka. Ba zan rage ko harafi ba.”

Abu Sattar ya koma ƙarƙashin lema ya buga takardar janye ƙara da hannunsa. Tun da aka gina kotun nan ba a taɓa ganin takardar da ta yi gudu irin nata ba. Akawu ya buga hatimi, alƙali ya sa hannu, aka rufe fayil, duk kafin shayin da ke gaban Kawu ya huce. Har aka miƙo masa ragowar takardunsa, aka ce nasa ne, ya ajiye.

Da safe ya koma. Wannan karon sai da ya jira awa biyu a waje, ba a kuma kawo ruwan sanyi ba. Hajji ya zaunar da shi, ya murza zobensa, ya yi ajiyar zuciya.

“Abin da na sani, Abu Sattar, motocin sun fita get sun yi hagu.”

“Hagu.”

“Hagu. Ni a bakin get aikina ya ƙare.”

“Hajji, hagu daga makaranta ai hamada ce har Saudiyya.”

“To ka gani.”

“A wace mota aka sa shi? Ta farko? Ta ƙarshe? Wa ya tuƙa?”

“Motocin da yawa, ɗan'uwana, kuma duk launinsu ɗaya. Na yi maka alkawarin abin da na sani, na cika.”

Ya ci gaba da cewa kwamiti zai sa sunan Nahi a jerin shahidai, akwai fili da ake ba iyalai, za a kuma buga hotonsa babba a rataye a ƙofar majalisa ranar tunawa, shi da kansa zai yi jawabi. Abu Sattar ya dubi haɓar mutumin, wadda gemu ya rufe. Ya miƙe, ya yi sallama, don bai iya fita ba sallama ba, ya fita.

Bai yi wa kakata ƙarya ba. Ya durƙusa kusa da kunnenta ya ce, “Sun yi hagu, Inna. Iyakar abin da na samo ke nan.” Ta rufe ido tana lissafin lungunan unguwa a kanta, ta bi ta gaban makaranta, ta juya. Ta ce hagu daga makaranta ai alƙibla ce, to shi ke nan, in an kwantar da ita za ta riƙa kallon wajensa. Ba ta sake tambayarsa ko ya rubuta ba. Kafin wata ya ƙare aka ɗaura akwatin gawarta a saman tasi aka nufi Najaf, ita kaɗai.

A rumfar zaman makoki, rana ta biyu, motoci uku suka tsaya. Hajji Faraj ya shigo da mutanensa, aka tashi aka ba shi wuri a gaba, ya ɗaga murya ya ce a karanta Fatiha. Baƙo ne a makokin uwar mutum, kuma babba, don haka mai gida ne ke zuba masa gahawa. Abu Sattar ya ɗauki buta ya zuba masa. Sattar ya miƙe daga wurinsa, ya ratso ta bayan ubansa, ya tsaya daidai kafaɗarsa.

“Ga dokarka can, Baba. Tana shan gahawa.”

Ya fice. Yanzu yana Basra yana aikin walda, yana zuwa Sallah zuwa Sallah.

Tun daga nan Kawu ya koma tsohon kan takarda, ga kowa, ba tambaya. Layi ya dawo gabansa, don roƙonsa ya fi na Lafta nahawu. Ummu Jasim ma ta dawo, ta ce dama ta san zai warke. Fansho na fita, izinin masai na fita. An yi zaɓe nawa tun lokacin, yatsansa fari tas, da hannu yake cin shinkafarsa. Hajji ya sauya jam'iyya sau biyu, hotonsa a bango ya sauya launi, murmushin yana nan. Tsarin mulkin nan mai layuka mai shayi ya ara ya tare iska daga risho, bai dawo da shi ba, ba a kuma tambaye shi ba.

Makon jiya na ajiye kekena a bakin kotu, na tsaya gaban lema da littafin nan a hannu, na karanta masa sanarwar da na buɗe da ita, da ƙarfi, har ministan lema da kwamandan tafireta. Mai shayi ya tafa. Kawu bai ɗago ba, yana buga wa wani manomi roƙo. Sai na tsuguna na zaro takardun nan daga ƙarƙashin ƙafar tebur don in kwafi lambar fayil. Sun yi laushi, tawadar kabon ta kusa ɓacewa, amma kalmomi biyu na sama, “Neman Haƙƙi”, suna karantuwa. Teburin ya karkata, tafireta ta fara zamowa, ya tare ta da gwiwar hannu. Na ce Kawu, wannan ai tarihi ne kake takawa, gilashi ya kamata a sa shi a rataye, ni zan rubuta duniya ta karanta, a san an taɓa yin mutum ɗaya a garin nan da ya ɗauki maganar doka da gaske. Ya dube ni ta saman tabarau.

“Mayar da shi, ɗan Sabriya. Teburin na rawa.”